Dabinon Goggo Marka

Wato a waya kuka gani. Madalla. Wani Balarabe ya hau dabino cikin minti biyu, ya karkaɗa wani abu ya sauko yana murmushi, shi ne ku uku kuka wanko ƙafa kuka zo in koya muku kafin la'asar, tunda yau Asabar babu lacca a jami'a. Ni da na shafe shekara arba'in da ɗoriya a kan aikin nan ashe ɓata lokaci na yi ta yi, da na sani da na zauna na jira a ƙirƙiro waya. To ku samu wuri a kan kututturen nan, ku cire kambas ɗin nan kuma, babu mai hawa da shi. Sunana kun sani, Sabo. Amma a unguwar nan ta gindin dutse in ba ku ce Sabo mai barbara ba, wajen Sabo mai faci za a kai ku.

Bari in fara da abin da Balaraben naku bai tsaya ya gaya muku ba. Dabino akwai namiji akwai mace. Namijin ba ya haihuwa, fure kawai yake yi mai gari fari kamar garin tuwo. Macen ita ce mai 'ya'ya, amma sai garin nan ya same ta. Iska takan kai mata wani lokaci, sai dai iska ba ta yi wa kowa alkawari ba. Shi ya sa mutum yake hawa namijin ya yanko furensa, ya hau macen ya tsattsaga shi ya cusa a cikin nata furen, ya ɗaure da zaren ganye. Wannan shi ne barbara. Furen macen a cikin kube yake fitowa, kamar kuben wuƙa, kuma daga ranar da kuben ya tsage kwana biyu gare ka, uku in an yi maka rangwame. In ka wuce haka, ko buhun gari ka juye mata ka yi aikin banza. 'Ya'ya za ta yi, ba ta ƙi ba, amma 'yan firit marasa ƙwallo, masu bauri, waɗanda ba sa nuna. Ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci.

Kayan aikin ga su nan a gabanku, ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Igiya wadda za ta zagaye ƙugunka da bishiyar, lauje, 'yar wuƙa, sai jakar tsumma ta zuba furen namiji. Igiyar nan ni nake tufka abata, ba na sayen ta kasuwa, don wanda ya tufka ta kasuwa ba shi zai faɗo ba. Lauje na share ƙaya ne. Kowane reshen dabino a gindinsa akwai ƙaya mai tsawon yatsa, in ta shige ka ba ta fita duka, sai ta bar maka kanta a ciki ka yi mako kana jinya. Ku dubi yatsan nan nawa, bai sake lanƙwasuwa ba tun zamanin da muke zuwa Kano a bayan akori-kura. Ban da ƙaya akwai rina, akwai kunama a maƙale a gindin rassa. Wata rana kuma ka ɗaga kai ku haɗa ido da maciji, shi ya zo neman ƙwan tsuntsu, kai ka zo neman tuwo, kuma a cikinku babu mai wurin matsawa.

Furen namijin ma ba kowanne ake ɗauka ba. Da hanci ake zaɓensa. Mai kyau tun kana tsakiyar bishiya ƙamshinsa yake tarye ka, in ka buga shi a tafin hannu ya bar maka fari. A inuwa ake shanya shi, rana tana kashe shi, kuma mai hankali yakan ajiye wani a cikin gora ya toshe, saboda akwai shekarar da matan suke riga mazan buɗewa. A garin nan tun kakanni ba a hana furen namiji. Ko gaba kuke yi da mutum, in namijinsa ya buɗe kana iya sallama ka hau ka yanka, ku ci gaba da gabarku bayan ka sauko.

Wanda ya koya mini, Malam Haladu, Allah Ya jiƙansa, shekara guda cur bai bar ni na taɓa fure ba. Ɗaukar igiya, share ƙaya, tattara rassa, shi ke nan karatuna. Ranar da ya yarda in yi barbarar farko, a wani kwari ne bayan Garu, wata doguwar bishiya da ta karkata gabas. Ya miƙo mini jaka, ya zauna a ƙasa yana cin goro. Na hau, na yi, na sauko ina hura hanci.

Ya ce, “Nono nawa ka samu?” Nono shi ne dunƙulen furen nan da zai zama 'ya'ya.

Na ce, “Biyar, Malam.”

Ya ce, “Shida ne. Na shidan yana ta wajen da ta karkata, inda sai ka saki hannu ɗaya ka leƙa. Ka gan shi sarai, tsoro ya hana ka.”

Ashe tsohon nan tun da sassafe ya riga ni hawa ya ƙirga. Kuma gaskiyarsa, na gan shi. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi in koma, ya kuma kira masu ban ruwa na kusa su zo su ga sabon gwani. A hanyar gida ya ce da ni wuyar aikin nan ba hawa ba ne, biri ma yana hawa. Wuyarsa ita ce babu mai ganin abin da ka yi a can sama, kuma sai bayan wata biyu ko uku ake sanin ka yi ko ba ka yi ba, lokacin kuwa ga iska ga zafi ga tsuntsaye, duk suna jiran ka ɗora musu laifi. Na ce na ji. Shekarata goma sha tara, irin naku, komai aka faɗa na ji.

Masu dabino kuwa, Allah Ya ba ku haƙurin zama da su. Akwai wanda zai tsaya a ƙasa, ko tsani bai taɓa hawa ba, yana nuna maka da sanda inda za ka sa ƙafa. Akwai wanda aka ce masa ya dasa ɗan da yake fitowa a gindin uwa, don shi ne aka san jinsinsa, ya ƙi, ya shuka ƙwallo. Ya yi shekara bakwai yana ban ruwa, bishiya ta fito namiji, ya zo ƙofar gidana yana tambaya ko akwai abin da za a yi. Na ce akwai, ya yanka rago ya raɗa masa suna. Akwai wanda in an yi albarka sai ya ce ai irin nasa ne mai kyau, daga Makka kakansa ya zo da shi, in kuwa ba a yi ba sai a tuna akwai wani Sabo a duniya. To ku lura da wannan, duk cikinsu babu wanda ya taɓa cutuwa a hannuna. Mai zargi da mai tsegumi da mai tsayawa a kanka su ne suke samun aiki mai kyau, saboda kana tsoron bakinsu. Wanda ake cuta shi ne wanda ya ce maka je ka, na yarda da kai. Haka ɗan Adam yake, kuma ba a littafi na karanta ba, a kaina na gani.

Goggo Marka bishiya ɗaya tak gare ta, a tsakar gidanta, can ƙarshen layinmu. Ƙawar mahaifiyata ce, tuwonta na ci na girma. Mijinta, marigayi Malam Idi mai makarantar allo, shi ya dasa bishiyar da hannunsa, kuma a gindinta yake alwala har ya bar duniya. Shi ya sa Goggo ba ta ce mata dabino, sai dai ta ce ta Malam. Ko ƙwaya ɗaya ba ta sayarwa. In an sauke sai ta shanya ta adana, azumi na kamawa ta riƙa aikawa masallacin unguwa ana buɗa baki, ladan ya je wa Malam. Tun bayan rasuwar Malam Haladu ni nake yi mata barbara, kuma ba ta taɓa tsayawa a ƙasa ta ce mini ga inda zan taka ba. Ina sama, tana bakin madafa tana dama mini fura.

A shekarar da nake ba ku labari, wani darakta da ya yi ritaya daga sakatariya ya sayi lambu a hanyar Kiyawa, bishiya talatin da wani abu. Mutumin kirki ne, sai dai ya saba a kawo masa fayil ya duba. Har madubin hangen nesa ya saya, ya zauna a kujerar roba yana bin hannuna da shi reshe reshe. Kullum da safe direbansa yake zuwa ɗaukata. Ku ba za ku gane ba, ku da kuka taso kuka tarar da motoci a Dutse kamar kaji. Ni Sabo, da kaushin ƙafata da igiyata, a gidan gaba, gilashi a rufe, sanyi yana busa ni. A bakin layi ake tsayawa a danna hon har maƙwabta su leƙo. Nakan yi jinkirin fitowa da gangan don a ƙara dannawa.

Wata safiya a ƙarshen sanyi, na fito ke nan da igiya a kafaɗa, sai ga Goggo Marka da kanta a ƙofar gidana, ta yafa mayafi a kan zanen girki. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, “Sabo, ta Malam ta buɗe. Jiya da yamma na ga kuben ya tsage, har guda huɗu.”

Na ce, “To Goggo, in Allah Ya yarda gobe da sassafe.”

Daidai nan direba ya danna hon. Ta dubi motar, ta dube ni, ta ce Allah Ya kai mu, ta juya.

Aikin bishiyarta bai fi rabin sa'a ba. Da na ce wa direba ya jira da ya jira, abin da aka ɗauke shi yi ke nan. Amma a lambun darakta ma kube yana ta tsagewa, kuma shi yana da madubi. Gobe ta zo, na ce a raina jibi. Rana ta uku Goggo ba ta zo ba, ba ta aiko a tuna mini ba, sai dai da na dawo da yamma na tarar ta aiko wa iyalina da kwanon dambu. Na gane saƙon. Na ci dambun, har na yaba man da aka sa. Sai rana ta shida na shiga gidanta.

Tun kafin in gama hawa na san an gama. Furen da yake jiran gari fari ne, da laushi, da ɗan danshi in ka taɓa. Wannan kuwa ya riga ya juya ya yi kore-kore, bakinsa ya bushe. Nono huɗu, manya, irin waɗanda mai barbara yakan yi shekara bai gani ba. Na jingina da igiya na dube su. Sannan na yi abin da gwani yake yi. Na ciro furen namiji na cusa, na ɗaure kowanne da kyau, na karkaɗa rassa don a ji motsi a ƙasa, har na ƙara ɗan daɗewa don kada a ce na yi gaggawa. Ban taɓa yin ɗauri mai kyau irin na ranar ba.

Da na sauko ta miƙo mini ƙwaryar fura, ta ce, “Ba a makara ba dai ko, ɗan nan? Malam yakan ce abin ba ya son jira.”

Na ce, “Haba Goggo, ai da sauran lokaci.”

Ta ce, “To, kai ka san aikinka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka daga faɗuwa.”

Na ce amin, na shanye furar tas.

Bazara ta yi, 'ya'ya suka fito yadda na san za su fito, 'yan firit, suna kakkaɓewa tun ba su kai ko'ina ba. Lambun darakta kuwa ya yi albarka, har yana kiran tsofaffin abokan aikinsa su zo su ɗauki hoto, yana gaya musu sirrin abin shi ne sa ido. Azumin shekarar cikin damina ya faɗo. Masu zuwa masallacin unguwa suka jira dabinon Goggo, shiru, har ladan ya aika a tambaya ko lafiya. Ta ce a ba su haƙuri, bana ta Malam ta ƙi. Ina cikin sahu aka faɗa, na taya su cewa Allah Ya kyauta.

Hanyata ta zuwa ko'ina ta bayan katangarta take. Kusan kowace safiya ina jin ta tana shara tana yi wa bishiyar faɗa. “Butulu. Shekara nawa Malam yana shayar da ke da ruwan alwalarsa? Abu ɗaya ake nema a wajenki a shekara, shi ma kin ƙi. Don kin ga ba ya nan ne, ai na sani.” Ni kuwa sai in ƙara sauri. A watannin nan na zama mutum mai yawan uzuri, kullum sauri nake yi.

Goggo tana da ɗa, autanta Habibu, mai tuƙa adaidaita a cikin gari. Mutum ne mai hankali, ba shi da laifi a labarin nan ko kaɗan. An sa masa ranar aure bayan kaka, gidan kuma ƙarami ne, babu inda za a fitar da ɗaki sai inda bishiyar take. Shekara biyu yana roƙo, uwar tana cewa ba a sare abin da yake ciyar da masu azumi. Yanzu da ta daina ciyarwa, hujjar Goggo ta ƙare. Bayan ƙaramar Sallah suka aika aka kira ni in yanke hukunci, wai a matsayina na masani.

Habibu ya ce, “Yaya Sabo, kai ka san ta ciki da waje. Tsakaninka da Allah, bishiyar nan za ta sake yin abin kirki, ko ta tsufa?”

Goggo tana zaune a kan tabarma tana kallon bakina. Na ɗaga kai na dubi bishiyar, na yi gyaran murya, na shafa gemu.

Na ce, “To, Allah ne masani. Bishiya ma kamar mutum ce, tana da lokacinta.”

Ku duba maganar nan da kyau, ku da kuke karatu. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Allah ne masani, haka ne. Bishiya tana tsufa, haka ne. Ko liman ba zai kama ni da komai ba. Mu mun iya wannan, in muna so mu yi ƙarya ba tare da mun ji nauyinta ba sai mu jawo sunan Allah mu rufa da shi. Goggo ta ce, “Shi ke nan, Habibu. Ka yi ɗakinka.”

Ruwa ya ɗauke, aka buga bulo, aka jibge yashi a ƙofar gida. A tsakar gida mai ƙunci ba a kayar da dabino gaba ɗaya, sai ya rushe katangar maƙwabta. Sai an hau an sauke rassan kai tukuna, sannan a riƙa yanko gangar jikin gunduwa gunduwa. Wa zai hau? Sabo mana, wa ya san ta kamarsa. Ranar da safe ga Habibu da gatarin aro, ga magini yana jira ya fara awo, ga maƙwabta biyu da suka zo taimako. Goggo ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta koma bakin madafa, ta juya mana baya tana tsince wake.

Na hau. Na sare reshe na farko ya faɗi, na sare na biyu. Da na janye na uku sai na ga kube. Wasu bishiyoyinmu na Dutse sau biyu suke fure a shekara in suna da ƙarfi, ita kuwa da ba ta sha wahalar renon 'ya'ya ba a shekarar, ƙarfinta yana nan. Guda uku ne, kore shar, masu kauri kamar damtsena, ko mako biyu ba za su ƙara ba za su tsage. Daga ƙasa babu mai ganinsu. Sara uku ne da lauje, su bi rassa su faɗa cikin tarkace. Habibu ba zai bambanta su da komai ba, kafin azahar an gama, asirina ya shige ƙarƙashin siminti.

Kada ku ɗauka wani imani ne ya taso mini. Na ɗaga laujen, wannan ku sani. Hannun ne ya ƙi sauka. Kunya ce ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Habibu ya ɗaga kai ya ce, “Yaya Sabo, lafiya? Ko rina ce?”

Na ce, “Ba rina ba ce.” Na juya wajen madafa na ce, “Goggo, bishiyar nan lafiyarta ƙalau, ga sabon kube har uku. Ni ne na makara da barbara. Kwana shida na yi ban zo ba, tun ina sama na san an makara, na sauko na ce miki da sauran lokaci.”

Gaskiya tana da daɗin faɗa daga tsayin gaba bakwai a sama, inda taɓarya ba ta kaiwa. Matsalar ita ce daga can sai ka ɗaga murya, kuma gida huɗu ne suka haɗa katanga da na Goggo. Ga shi kunnenta ya fara nauyi. Ta juyo ta ce, “Me ya ce?”

Habibu ya ce, “Maimaita mata, da ƙarfi.”

Na maimaita, da ƙarfi. Matar gidan gabas ta dakatar da daka. Wani mai kurar ruwa da yake wucewa ya tsaya a bakin zaure.

Na sauko. Habibu yana tsaye da gatari a hannu, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, “Na buga bulo, Yaya Sabo. An sa rana. Da na tambaye ka tsakaninka da Allah, me ya hana ka faɗa?” Goggo ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ta zo ta dafa jikin bishiyar, ta ɗan jima a haka. Sannan ta ce, “Habibu, mayar wa masu gatari gatarinsu.” Ta shige ɗaki, ko kallona ba ta yi ba.

Kafin magariba labari ya kai har garin Shuwarin. Habibu ya kama ɗakin haya a wata unguwa ya sa amaryarsa, ya fi shekara in ya hango ni a hanya sai ya ƙara wa adaidaitarsa mai. Kuben nan uku da suka tsage, Ɗanlami aka kira, wani mai barbara da na daɗe ina yi wa dariya don yana hawa kamar mai ciwon baya. Masu lambun da na yi wa aiki shekara da shekaru, waɗanda ko sau ɗaya ban cuce su ba, kowa ya tuna wata shekara da dabinonsa bai yi kyau ba, ya ce ashe. Direban darakta ya daina zuwa. Da na sare kuben nan na yi shiru, da har yau ni ne Sabo mai amana, ana nuna wa yara ni a ce su yi koyi. Mutane ba mai cuta suke gudu ba, wanda aka ji labarinsa suke gudu. Ranin nan a garin Miga na yi shi wajen surukina, ina taya shi sussukar gero da kiwon tumaki. Mutumin da ya saba kallon Dutse daga sama ya koma bin bayan tunkiya, kuma surukin nawa kullum sai ya tambaye ni ko yau ma da sauran lokaci.

Kai mai gilashi, na ga bakinka yana motsi, so kake ka ce ai daga ƙarshe na yi abin kirki. Riƙe yabonka. Wanda ya tura ka rijiya, ya yi wata biyar yana leƙe, sannan ya zuro maka igiya, ba a yi masa kiɗa. Aiki ya dawo mini daga baya a hankali, mutane suna da mantuwa, Ɗanlami kuma bayansa ya ƙarasa lalacewa. Wannan ba shi ne abin da ya tsaya mini ba.

Da na dawo daga Miga, kwana uku na yi ina zagaye layin kafin in iya shiga gidanta. Na yi sallama, ta amsa. Tana zaune a gindin bishiyar, ta baza dabino a kan tabarma biyu tana tsince waɗanda tsuntsu ya taɓa. Ɗanlami ya yi aiki, ba zan hana shi ba. Na cire takalma na durƙusa.

Na ce, “Goggo, na zo neman gafara.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ka rame. Ba sa ba ka abinci a Migan?”

Na ce suna ba ni.

Ta ce, “Dabinon bara na yafe maka tun kana sama, Sabo. Abin ci ne, da an ci ma da ya wuce. Amma wata biyar ka bar ni ina fitowa kowace safiya ina zagin abin da Malam ya dasa da hannunsa, kana wucewa ta bayan katangar nan kana ji. Butulu na ce mata. Wannan ban san wanda zan roƙa ya yafe mini ba, balle in san yadda zan yafe maka.”

Ta ci gaba da tsince dabinonta. Na daɗe a durƙushe, sannan na ɗauki takalmana.